A Ƙyale Ramin Haƙori Ya Warke

Akwai wani abu da na ga muna yi wa riƙon sakainar kashi, watau kula da baki bayan an cire haƙori. A unguwarmu ta Karmo, nan kusa da Idu, mutum yakan yi mako haƙori na hana shi barci, ya kashe kuɗin mota zuwa asibiti a Gwarimpa ko Gwagwalada, likita ya yi aikinsa sarai, amma kafin magariba mai haƙorin ya ɓata aikin da kansa. Abin mamaki kuwa, yawanci son tsabta ke jawo haka.

In an cire haƙori, ramin da ya rage yakan kai har ƙashi. Jini ya taru ciki ya daskare. To, wannan gudan jini shi ne murfin ciwon, ƙarƙashinsa sabon nama ke tohowa, don haka ne likita kan ce a cije auduga kamar minti 30. Mu kuwa da mun ji ɗanɗanon jini sai kurkura, sai tofi, sai kai harshe a ji ko ramin na nan. Gudan ya fice, ƙashi ya zauna a fili. Bayan kwana 2 zuwa 4 zogi ya taso har kunne, baki ya yi wari, sa'an nan a ce ai likitan ne bai iya ba!

Ni a ganina awa 24 na farko a ƙyale baki ƙyalewa. Na san wani zai ce, to, alwala fa? Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa kurkurar baki sunna ce cikin alwala, ba ta cikin farillai. Wanda duk da haka ya ga ba ya iya bari, ya sa ruwa kaɗan, ya sunkuyar da kai ya bar shi ya zubo da kansa.

Sai abokan hira. Mai taba ya haƙura kwana 3 ko fiye, gama zuƙar tana fizge gudan, hayaƙin kuma yana hana warkewa. Goro, da shi da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ɓarɓashinsu ke maƙalewa a ramin, mutum ya ɗauko tsinke ya shiga sakace. Teburin mai shayi ma a jinkirta masa, don muddin allura ba ta saki ba sai ka ƙone leɓe ba ka sani ba. Koko da ya huce da fura da nono sun isa. Ga zogi a sha abin da likita ya rubuta. Asfirin dai yana tsinka jini, masu danna shi kan dasashi kuma ƙuna suke ƙara wa kansu.

Daga kwana na biyu ne gishiri ke da rana: rabin ƙaramin cokali cikin kofin ruwa mai ɗumi, a kurkure a hankali bayan kowane abinci, har mako guda. Sauran haƙora a goge su da buroshi ko asuwaki, a kauce wa ramin. In jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana 3, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta gagara, a koma asibiti ran nan, kada a tsaya sayen kafso a kemis.

Abin da ya sa na kawo maganar nan cikin mujallarmu, gobe mu za a tura makarantu, kuma yaro tun yana shekara 6 yake fara famfara, ga alewa tana ƙara yawa. A darasin kiwon lafiya muna koyar da goge baki, amma ban ga mai koyar da wannan ba. Ina roƙon masu fita koyon koyarwa bana su ware masa darasi guda, su zana ramin da gudan jinin a allo, su sa yara su je su faɗa wa iyayensu.