Araha Ba Ta Ado, Ko A Kantar Littattafai

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu ta mazauna Kurmi wadda ta kamata mu sake dubawa. Mutum ya shekara 20 a Agege ko Sabo ta Ibadan, amma kullum cewa yake yi ba zama ya zo yi ba. Saboda haka in zai sayi kantar littattafai sai ya nemi mafi araha. Kafin damina biyu tsakiyarta ta lotsa kamar bayan tsohon jaki, wata rana cikin dare sai a ji rugum, Alƙur'ani da Risala da littattafan makarantar yara duk a ƙasa.

Dalili kuwa a fili yake. Littafi abu ne mai nauyi, katako kuma yana ƙara lanƙwasa a hankali muddin kaya na kansa. Ga shi laimar Ikko ba irin ta Kano ba ce. Katakon nan da ake haɗawa da gari da gam, da ya sha danshi sai ya kumbura ya saki ƙusa.

To, in ka je wurin kafinta ka ce loko kake so ko maɗaci. Kaurin kowane allo ya kai inci 1, tsawonsa kada ya wuce ƙafa 3 ba tare da matokari a tsakiya ba. Ka sani, in aka ninka tsawon allo aka cika shi da littattafai, lotsawarsa sau 16 take ninkuwa; in kuwa kaurinsa aka ninka, sai ta ragu sau 8. A kafa masa bango ta baya da ƙusoshi, a liƙa siririn katako a bakinsa ta gaba. Manyan littattafai su zauna a ƙasa. A ɗaga ƙafafun kantar saboda ruwa da gara, a kuma ɗaure samanta da bango don kada yaro ya jawo ta kansa.

Wani zai ce tsada, ga kuɗin haya. Gaskiya ne. Amma gara ƙaramar kanta mai ƙwari da doguwa wadda za a sake saye baɗi. Wanda ya ɗauko littattafan mahaifinsa tun daga Katsina, bai kamata ya bar su kan ruɓaɓɓen allo ba. Allah Ya sa mu gane.