'YAN KWANA-KWANA A MAKKA DA DARASIN GOBARAR MINA

Kowace shekara idan aikin Hajji ya gabato, Hukumar Kare Lafiyar Jama'a ta Sa'udiyya, wadda Larabawa ke kira Difa'ul Madani, takan ba da sanarwar hana shiga da tukunyar gas Mina da Arfa da Muzdalifa. Wasu alhazai sukan ɗauki wannan doka a kan takurawa ce kawai. Amma wanda ya san tarihin gobara a ƙasar Makka ya san ba da wasa aka kafa ta ba.

Makka gari ne na hamada, a cikin kwari tsakanin duwatsu. A da, gidajenta dogaye ne masu tagogin katako, lungunanta matsattsu, ruwa kuwa sai wanda 'yan garuwa suka ɗebo daga rijiyoyi ko daga magudanar Ainu Zubaida. A irin wannan gari, idan wuta ta tashi ba abin da ke tare ta. Ko Ka'aba ma ta taɓa kama wuta a shekara ta 683, lokacin da rundunar Yazidu ta kewaye Abdullahi ɗan Zubairu.

Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a 1924. Bayan shekara uku, watau a 1346 ta Hijira, wajen 1927, aka kafa rukunin 'yan kwana-kwana a ƙarƙashin hukumar gari, kuma shi ne na farko a duk ƙasar. Daga baya aka mai da aikin hannun 'yan sanda. A 1960 aka ware masa hukuma tasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'amuran Cikin Gida, a 1965 kuma aka ba hukumar sunan da take amsawa har yau.

To, amma samun 'yan kwana-kwana bai hana masifa aukuwa ba, musamman a Mina, inda alhazai ke kwana cikin tantunan auduga da aka kakkafa jikin juna. A watan Disamba na 1975 tukunyar gas ta fashe a can, mutum wajen 200 suka rasu. Ranar 15 ga Afrilu, 1997, watau shekara 70 da kafa rukunin farko, wuta ta sāke tashi daga wurin dafa abinci. Iska ta kaɗa ta, ta cinye tantuna wajen 70,000, mutum fiye da 340 suka riga mu gidan gaskiya, kimanin 1,500 suka ji rauni. A ran nan akwai motocin kashe wuta, har da jirage masu saukar ungulu, amma wutar ta fi su sauri.

Daga nan ne hukuma ta sake dabara. Aka kawar da tantunan auduga, aka kafa na dindindin da aka yi da zaren gilas mai shafen Teflon, wanda ba ya cin wuta. Aka bar hanyoyi tsakaninsu, aka shimfiɗa bututun ruwa, aka hana dafuwa da gas. Tun daga lokacin ba a ƙara ganin gobara irin waccan a Mina ba. Ashe rigakafi ya fi magani.

Wannan magana ta shafi Nijeriya ta fuska biyu. Ta farko, a 2023 kujera 95,000 aka ware wa ƙasar nan, saboda haka wajibi ne hukumomin alhazai su bayyana wa maniyyata dalilin dokar tun a wurin bita, domin mutum ya fi kiyaye dokar da ya san asalinta. Ta biyu kuwa, kasuwannin gida. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ta babbar kasuwar Sakkwato a 2021 sun lashe dubban rumfuna. Bayan kowace gobara akan yi ta kiran a sayo sababbin motocin kwana-kwana. Motoci suna da amfani, ba shakka, amma motar da ba ta da hanyar shiga, ba ta kuma da wurin ɗiban ruwa, kallo kawai za ta yi. Idan za a sake gina kasuwa, kamata ya yi a fara duba da abin da za a gina ta, da faɗin hanyoyinta, da yadda aka ja wayar lantarki. Allah ya kiyashe mu da sharrin wuta, amin.