Motar Bature Ta Wuce, Muna Ta Dariya

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, duk wanda ya zauna a Bahri ya san waɗannan motoci. Wasu tsofaffin manyan motocin soja ne da aka gyara, wasu kuma Land Cruiser ce aka ɗora wa tanti a bisa rufi. A ciki akwai gado, da murhu, da tankin ruwa, wasu har da makewayi. Gida ne sukutum a kan taya. Da hunturu suka fi zuwa. Su taso daga Masar, su shigo ta Wadi Halfa, su biyo Dongola da Karima, su kwana kusa da dalolin Marawi da ke Bajrawiyya, sannan su gangaro ta hanyar Shandi. Ta kanmu suke shigowa: Jaili, Kadaro, Halfaya, Shambat. Ba sa tsayawa. Sai su haye gada zuwa Khartum, su yada zango a kulob ɗin masu jiragen ruwa da ke bakin Shuɗin Nilu, inda aka ajiye Malik, jirgin yaƙin da ya rako Kitchener a 1898.

Abin da za su yi washegari ma an san shi kamar karatun Fatiha. Gidan tarihi na ƙasa, Mugran inda kogunan biyu suka haɗu, kasuwar Umdurman, gidan Halifa, kubbar Mahadi, kasuwar raƙuma ta Muwailih, in Juma'a ta yi kuma zikirin Hamad al-Nil da la'asar sakaliya. Daga nan su kama hanyar Madani da Gadarif su faɗa Habasha.

Mutanenmu me suke cewa? Dariya. "Bature ba shi da aikin yi." "Ya bar gidansa mai sanyi ya zo yana ɗaukar hoton tumatir." To jama'a, ni wannan dariyar ce nake ƙara, domin ta ci mu kuɗi mai yawa, kuma har yanzu ba mu gama biya ba.

Kada a ɗauka yabon masu motar nake yi. Yawancinsu kwana uku suke yi su tafi su rubuta cewa sun san Sudan. Wanda ya zo da gadonsa da tukunyarsa da ruwan shansa bai zama baƙon kowa ba, don haka ba ya jin abin da baƙo ke ji a zaure. Sun ratsa Madani da Gadarif, garuruwan da Hausa ke tashi a kasuwanninsu kamar kana Kurmi, amma da wuya ka ga ɗayansu ya lura. Sun ci agashe a bakin titi suna santi, suka rubuta shi a matsayin abincin Sudan, ba su san tsiren Bahaushe ba ne, wanda sunansa ma ya tona asalinsa. Amma duk da wannan gajeren gani nasu, sun yi abu ɗaya: sun tsaya, sun duba, sun ajiye shaida. Yau in kana son ganin yadda rumfunan kasuwar Umdurman suke kafin wuta da wawaso su bi ta kansu, hotunan waɗannan mutane na cikin abin da za ka fara samu a intanet.

Ga abin da ya faru da wuraren da muke ganin ziyararsu ɓata lokaci ce. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1971, ya zauna a hannun dakarun RSF kusan shekara biyu, da soja suka karɓe Khartum a Maris na 2025 aka tarar an yashe shi. Gidan Halifa Abdullahi, da ya zama gidan tarihi tun 1928, shi ma bai tsira ba. Ɗakin ajiye littattafai da takardu na cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone tun farkon yaƙin. Gadar Shambat da ta haɗa mu da Umdurman ta karye a Nuwamban 2023, kowane ɓangare yana nuna ɗan uwansa da yatsa. Kasuwar Sa'ad Gishra, inda amaren Bahri ke haɗa kayan ɗaki, an wawashe ta. Tsibirin Tuti, wanda gonakinsa suka daɗe suna ciyar da birnin da ganye da lemun tsami, an tsare mutanensa har sai da suka watse. Wanda ya ce "wata rana zan je in gani", to wata ranar ta zo ta same shi da toka.

Wani zai ce ai wannan tarihin Larabawa da Nubawa ne, ina ruwan Bahaushe? A nan ne raina ya fi ɓaci. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga Adamawa ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa. Mutanen yamma, waɗanda ake kira Takari da Fallata, suna cikin rundunar Mahadiyya. Da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka kafa yana nan da sunansa har gobe. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman audugar Jazira, gumin kakanninmu masu niyyar Makka yana cikin abin da ya tayar da ita. Saboda haka wanda ya tsaya a filin Karari, inda aka yi artabun 2 ga Satumban 1898, ba tarihin maƙwabci yake kallo ba. Sarƙa ɗaya ce da Burmi, tsakaninsu shekara biyar kacal, kuma maƙerin bindigar ɗaya ne.

Wa ya rubuta mana wannan? Mark Duffield, Baturen Ingila, ya zauna a Mai Wurno ya fitar da littafi a 1981. Bawa Yamba ya yi nasa a 1995 a kan alhazan da suka zauna a hanya. Duka da Turanci, kuma tsohuwar da aka yi hira da ita ba za ta taɓa jin abin da aka ce ta ce ba. Alhali rubutun tafiya ba baƙo ba ne a wurinmu. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya ba mu Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ingila mai nisa ta samu littafi da Hausa. Hanyar da dubban iyayenmu suka taka da ƙafa, wasu suka haihu a kanta, wasu aka binne su a gefenta, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ɗalibai nawa ne daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi suka yi shekara huɗu ko biyar a Jami'ar Ifriƙiyya da sauran jami'o'in Khartum? Ka tambayi da yawansu ina gidan Halifa yake, sai su ce sun dai san hanyar Suk Libya, inda ake sayen jallabiya da turaren tsaraba. Da yaƙi ya tashi aka kwashe su a manyan motoci zuwa iyakar Masar, suka ratsa ƙasar Nuba cikin tsoro da ƙishirwa, wasu ranar ce farkon fitarsu daga birnin.

Wannan sakaci yana da farashi, kuma mun ga farashin da idonmu. A watan Yulin 2022, a jihar Shuɗin Nilu, Hausawa suka nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, aka ce musu baƙi ne, ba su da ƙasa. Rikici ya tashi a yankin Damazin da Rusairis, fiye da mutum ɗari suka rasa rayukansu, dubbai suka bar gidajensu, mutanenmu suka fito zanga-zanga har Khartum da Kasala. Ba na cewa littafi zai tare harsashi. Amma ranar da aka ce maka baƙo, abin da za ka ɗaga shi ne shaida: ga kabarin kakana, ga rumfar da ubana ya yi shekara arba'in yana sayar da albasa, ga sunan unguwar da muka sara da hannunmu. In ba a rubuta ba, bakinka ne kawai da bakin wanda ke riƙe da hatimi.

Na san amsoshi biyu da ke jirana. Ta farko: mutane na fama da yunwa da kwalara, wa ke ta yawon buɗe ido? Gaskiya ne, ciki ke gaba. Sai dai tsofaffin da suka san wace rumfa ce ta wa, yanzu suke mutuwa, a sansanin gudun hijira da gidajen haya a Alƙahira. Ba za su jira tattalin arziki ya gyaru ba. Ta biyu daga wasu malamai take: zuwa kubba bidi'a ce. Allah ya gafarta malam, ban ce a je a roƙi mamaci ba. Cewa na yi a je a ga inda ƙwallon igwar Kitchener ya fasa ginin, a san an sake gina shi a 1947, a tambayi dalilin da ya sa Turawa suka ji tsoron kabari. Ayoyin da suka yi umarni da tafiya don ganin ƙarshen magabata kuwa, malam ya fi ni saninsu.

Ba ma buƙatar mota mai gado da murhu. Bahaushe a wannan hanya yana da masauki daga Jinaina har Fort Sudan, abin da Bature da duk kuɗinsa bai da shi. Ƙaramar bas ɗaya ta haya ta isa, da matasa goma masu waya da caji, da dattijo guda da zai riƙa cewa "tsaya nan". A fara da asuba a babbar kasuwar kayan gwari ta Shambat, lokacin da manoman Halfaya da Kadaro ke sauke tumatir da kuɓewa da jarjir, a tambayi kowane ɗan kasuwa sunan rumfar da ke kusa da tasa kafin yaƙi da inda mai ita yake yanzu. A haye ta gadar Halfaya tunda ta Shambat ta karye, a tsaya a Karari, a gangara gidan Halifa a ɗauki hoton abin da ya rage. Da magariba a zauna wurin mai agashe, a tambaye shi garin da kakansa ya taso da shekarar da ya iso, a naɗi muryarsa da Hausar da yake yi, ko da rabinta Larabci ne.