Injin yanka katako ƙirar gida: doki nawa, kuma ina murfin?

Duk wanda ya taɓa leƙa Fanteka a Kaduna ya san mai waldan ƙasar nan ba ya tsoron inji. A nuna masa hoto a waya, kafin mako biyu ya fito da injin markaɗe ko na casar masara. Don haka ba mamaki idan kafinta ya fara tunanin a ƙera masa injin tsaga gungume, ya huta da tsadar falanki a 'yan katako. Tunanin yana da kyau. Inda ake kuskure shi ne tambayar farko da ake yi: doki nawa za a ɗora masa?

Irin injin da ake kwaikwayo ɗan Amurka ne. A 1982 kamfanin Wood-Mizer na jihar Indiyana ya fara sayar da ƙaramin inji wanda zartonsa siririn ƙarfe ne mai haƙora, an haɗe bakinsa biyu kamar bel, yana zagaya ƙafafu biyu. Gungumen yana kwance wuri ɗaya, kan injin ne ke tafiya bisa layi irin na dogo yana fere falanki ɗaya bayan ɗaya. Daga baya manoma da masu sha'awar ƙere-ƙere a Amurka da Kanada suka shiga haɗa nasu a gareji, da ragowar ƙarfe da tayoyin ƙaramar tirela.

Riba tana cikin sirantar zarton. Duk wucewa ɗaya milimita 2 zuwa 3 yake mayarwa dusa, alhali zarto mai sarƙa, wanda masu saran itace ke tsaga katako da shi a daji, yana cin kusan milimita 9. A gungume mai kaurin santimita 40, idan falankin inci ɗaya ake so, siririn zarto zai ba da 14, mai sarƙa 11. Falanki uku sun tafi a dusa. Wannan ɓarna tana cikin dalilan da suka sa Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da zarto mai sarƙa a 1998, ko da yake har yau da shi ake tsaga mafi yawan katakon kasuwanninta na cikin gida.

To, batun doki. Ƙananan injinan da kamfanoni ke sayarwa suna zuwa da doki 7 zuwa 14, manyan su kai 25 ko fiye. Injin fetur mai doki 13, irin Honda GX390 da 'yan'uwansa na Sin da suka cika kasuwa, ya ishi mai ƙaramar sana'a. Sai dai akwai abin lura. Lissafin Turawa yawanci a kan itace mai laushi yake, mu kuwa muna da maɗaci da ƙirya da kawo, waɗanda ke sa inji nishi. Kuma inji yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa duk hawan mita 300, don haka doki 13 na Legas, in ya hau Jos, sha ɗaya da 'yan kai ne. Injin lantarki ya fi natsuwa da juriya, ga wanda ke da wutar.

Amma gudun zarto ya fi yawan doki muhimmanci, kuma nan ne mai ƙira da ka ke faɗawa rami. Injinan fetur ɗin nan suna juyawa sau 3,600 a minti. Ƙafa mai faɗin inci 19, in aka haɗa ta kai tsaye, za ta tafi da zarto fiye da kilomita 300 a awa. Abin da zarton ke so kusan kilomita 90 ne, wato ƙafar ta juya kamar sau 1,000. Maganin fuli ne: inci 4 a kan inji, inci 14 a kan ƙafa. Wanda ya tsallake wannan lissafin bai samu injin da ya fi sauri ba. Ya samu zarto mai ɗaukar zafi, boris mai ƙonewa, da yanka mai tudu da kwari. Haka kuma idan haƙora suka dushe, ƙara doki ba ya gyara komai, sai dai ya tilasta zarto har ya tsinke.

Kuma tsinkewa dole ne. Kowane zarto yana lanƙwasa yana miƙewa dubban sau a awa, wata rana zai gaji. A injin kamfani, in ya tsinke, ƙara ake ji a cikin murfi, a kashe a sa wani. A injin da aka bari tsirara, ƙarfe ne mai haƙora, tsawon mita uku da wani abu, ke fitowa kamar bulala daidai cikin mutum ko fuskarsa. Duk da haka murfi shi ne abin da ake cewa "za a sa daga baya". Mai walda ya ga inji ya tashi, mai kuɗi ya ga falankin farko, an yi ta barka, shi ke nan. Kuɗin faifan ƙarfen da zai rufe ƙafafun da bel bai kai na zarto biyu ko uku ba.

Bel ɗin ma ba abin wasa ba ne. Kowa ya ji labarin abin da bel ɗin injin niƙa ke yi wa mayafi ko hannun riga. Wurin yanka katako ba wurin babbar riga ba ne.

Sauran haɗurran ba sa ɗaukar ido, shi ya sa ake raina su. Ɗanyen gungume mai tsawon mita uku da kaurin rabin mita ya haura rabin tan, in ba a danne shi da maƙalai ba, mirginawa ɗaya ta isa ta karya ƙafa. Darbejiyar cikin gari cike take da ƙusoshin masu manna talla da ɗaure rumfa, ƙusa ɗaya tana zubar da haƙoran zarto. Tayar mota da aka mayar ƙafar inji, iskarta na canjawa da zafin rana, zarto ya riƙa zamewa. Ƙurar katako kuwa, tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanci. Ƙarar da ta wuce desibel 85 tana cin kunne a hankali. Ga fetur kusa da tarin dusa a watan Maris.

Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, amma ba jami'in da zai bi lungu-lungu yana duba rumfuna. Wanda ke da iko a nan shi ne mai biyan kuɗi, sai kuma ƙungiyoyin masu walda da na 'yan katako, waɗanda suka iya tsayar da farashi da ladabtar da ɗansu in ya saɓa. Kafinta ya riƙe cikon kuɗin aiki har sai an rufe ƙafafu da bel, an sa kulocin da zai tsayar da zarto inji na kunne, an kafa makashin inji inda hannu zai kai ba tare da an tsallaka gungume ba. Galibi ba shi zai tura kan injin ba. Yaron shagonsa ne, ɗan shekara goma sha biyar, sanye da silifa.