Malamai, In Kun Ba Da Jinga Ku Duba

Yau maganarmu a kan makaranta take, kuma da ku malamai nake, sa'an nan da ku iyaye mata. Ni ma malamar firamare ce a nan Gesse cikin Birnin Kebbi, da takardar malanta mai daraja ta biyu a hannuna, saboda haka in na taɓa wani, to da kaina na fara.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani littafin lissafi da maƙwabciyata ta kawo mini kwanan baya. Na 'yarta ne, tana aji huɗu a wata makaranta da ba sai na ambata ba. Ta ce, "Malama, ni ban yi boko ba, don Allah duba mini. Kullum yarinyar nan a duƙe take tana rubutu, amma an ce ta faɗi jarrabawa." Na buɗe littafi, na ƙirga shafi goma sha ɗaya na jinga, watau aikin da ake ba yara su yi a gida. Babu inda jan biro ya taɓa. Yarinya ta yi aikinta tsaf, ta sa kwanan wata, ta ja layi. Amma tun daga shafin farko kuskure ɗaya take maimaitawa. In an ce ta ɗebe 17 daga 52, sai ta ɗebe 2 daga 7, ta ɗebe 1 daga 5, ta rubuta 45, alhali amsar 35 ce. Ba ta gane aro ba, shi ke nan ciwon. Da an duba shafin farko, minti biyar ya isa a warkar da shi. Da yake ba a duba ba, ta yi wata biyu tana ƙara ƙwarewa a kan kuskure.

Ita uwar nan da kuɗin masa take sayen littafi da fensir. Maigidan kuwa ya riga ya fara cewa in dai haka ne, gara yarinya ta zauna gida ta taya uwarta. Kun ga inda rashin duba shafi ɗaya zai iya kai 'ya mace.

Mu dubi ita kalmar jinga. Duk wanda ya san fadamar Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, ya san yadda ake ba da jingar dashen shinkafa ko cire ciyawa. Ana yanke wuri, a yanke rana, kuma mai gona ba ya biya sai ya shiga ya duba da idonsa. Wa ya taɓa ba da jinga a fadama sa'an nan ya kwanta gida ya ce komi aka yi daidai ne? To, me ya sa mu malamai za mu ba da jinga a kan abin da ya fi shinkafa tsada, mu juya baya?

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Kowaccenmu ta yi makarantar allo. Malam ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya zo gabansa ya biya, in ya yi gyara a gyara masa, in bai iya ba ya koma ya sake. Ba a ƙara maka sabon karatu a kan na jiya da bai zauna ba. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta sallami jajinta zuwa ƙauyuka ta manta da su ba, sukan komo wurinta lokaci-lokaci tare da matan da suke koyarwa. Bin sawun ɗalibi gadonmu ne.

Tun da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, aka kuma ƙaddamar da UBE a Sakkwato a 1999, ƙofar makaranta ta buɗe wa yara masu ɗimbin yawa, har da 'yan mata da a da ba a ko tunanin sa su. Amma cika aji daban, koyo daban. Wani rahoto da Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO suka sa hannu a kai a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Dalilan suna da yawa, wasu sun fi ƙarfin malama. Amma jan biro yana hannunta.

Bugu da ƙari, tun manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 aka ce kada a bar makomar yaro ga jarrabawar rana ɗaya, a riƙa auna ƙoƙarinsa a kai a kai, a tara masa maki. To, malamar da ba ta duba aiki, daga ina take samo makin da take cika wa a takardar ƙarshen zango? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, daga kanta take ƙirƙiro shi. Iyaye su ga maki su yi murna, har ranar da yaro zai zauna gaban takardar NECO ko WAEC, inda babu malamar da za ta rufa masa asiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu sai maganar wa'adi. Sau da yawa mukan ce a kawo aiki ranar Litinin. Litinin ta zo, yara goma sun kawo, sauran sun ce sun manta, mu kuma mu ce to gobe. Gobe ta zama jibi, har magana ta bi ruwa. Ku tsaya ku yi tunanin abin da muka koya wa ajin nan. Yarinyar da ta hana idonta barci ta gama aikinta ta koyi cewa wahalar banza ta yi. Wanda bai yi ba ya koyi cewa maganar malama ba ta da nauyi. Mako mai zuwa masu kawowa sun koma biyar. Sa'an nan mu zauna a ofis muna cewa yaran zamani ba su da himma, alhali mu ne muka kashe ta.

Wa'adi kuwa shi ma darasi ne. Ranar rufe rajistar jarrabawa ba ta jiran kowa. Yarinyar da za ta zama ungozoma gobe, ko malamar asibiti, dole ta ba da magani a kan lokacinsa. Ina za ta koyi haka in ba a aji ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san abin da 'yan'uwana malamai za su ce, domin ni ma na faɗe shi. Aji ya yi yawa, albashi bai taka kara ya karya ba, ga miji ga 'ya'ya ga girki suna jira. Gaskiya ne. In kina da yara tamanin, kika ba kowane littafi minti biyu, kin ci awa biyu da minti arba'in. Amma maganin wannan shi ne ki rage yawan jingar zuwa abin da za ki iya dubawa. Tambaya biyar da aka duba ta fi ashirin da aka watsar. Ki rubuta ranar karɓa a kan allo, kowa ya kwafa a littafinsa. Ranar ta zo, ki karɓa tun da safe kafin a fara darasi, don kada a je gindin darbejiya a kwafi na juna. Wani aikin a yi musayar littattafai a duba tare a aji, ke kuma ki zaga ki sa hannu. Wani kuma ki ɗauki layi ɗaya yau, layi ɗaya gobe, yadda ba za a yi mako ba ki ga littafin kowane yaro ba. In kin ga kuskure ɗaya a littattafai da yawa, to darasin ne bai shiga ba, ki sake shi. Kuma ki sa yaro ya yi gyara, ki duba gyaran.

Wanda bai kawo ba fa? Bulala ba ta koyar da aro a lissafi. Ki tambaye shi dalili tukuna, musamman 'ya mace. Mu mata mun sani, yarinya tana da aikin gida iri biyu. Tana dawowa ga wanke-wanke, ga ɗebo ruwa, ga raino, ga Islamiyya, wata ma ga talla, da dare kuma sau da yawa babu wuta. Saboda haka ki ba da wa'adi mai adalci, kwana biyu ko uku. Amma in kin yanke, ki tsaya a kai. Wanda bai yi ba ya zauna ya yi a gabanki lokacin tara, ki rubuta sunansa. In ya maimaita sau uku, ki aika a kira uwarsa ko wansa. Shugabannin makarantu da masu zagayen duba makarantu su ma su riƙa ɗaukar littattafan yara suna buɗewa, kada su tsaya ga rajista kawai.

Ku kuma iyaye mata, kada wadda ta ce ai ni ban yi boko ba. Ba sai kin iya karatu ba kafin ki gane jan biro. Kowace Juma'a ki ce wa ɗiyarki ta kawo littafinta, ki buɗe. In kin ga an yi mako biyu babu hannun malama, ki sa mayafinki ki je, cikin ladabi ki ce, "Malama, na zo ne in ji ko lafiya." Ki kuma ware wa yarinya ko da rabin awa kafin magariba, ki ɗauke mata tulu da goyo. Kada kuma ki bari yayanta ya yi mata, ko ya ciro mata amsa daga waya, domin ranar jarrabawa ita kaɗai za ta shiga.

Ita 'yar maƙwabciyata, mun zauna da ita yamma uku da tsinken tsintsiya, muna ɗaure goma-goma muna kwancewa, yanzu ta gane aro. Uban ya ce a bar ta ta ƙara zango ɗaya a gani. Amma nawa ne irinta da ba su da malama a maƙwabta? Amanar yaran nan tana wuyanmu, kuma za a tambaye mu. Allah ya ba mu ikon saukewa, amin. Sai mun sake saduwa.