A Bar Jaki A Daki Taiki: Ƙorafinmu Kan Masu Tsangwamar Mai Tara Wuƙaƙe

Mun san wani dattijo a wata unguwa ta cikin garin Jos wanda ya gaji wuƙaƙe da askake daga mahaifinsa, wanda shi maƙeri ne. Akwai barho mai ƙotar ƙaho, akwai wuƙar damtse irin ta Buzaye, kowace da kubenta na jar fata da dukawa suka yi wa ado. Shekara da shekaru yana saye yana ƙarawa, yana shafa musu mai don gudun tsatsa. Bayan rikicin watan Janairu na 2010, sai 'ya'yansa suka tasa shi gaba, wai in aka zo bincike aka ga tarin nan, babu bakin da zai wanke shi. Ya zuba su a buhu ya kai wa 'yan gwangwan, aka ɗora a sikeli, aka biya shi kuɗin ƙarfe. Wannan asara ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Ba mu raina tsoron mutanen Jos ba. Wanda ya ga ranar 7 ga Satumba, 2001, ya ga Nuwamban 2008, yana da hujjar razana in ya ga ƙarfe mai kaifi. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Ga kuma 'yan sara-suka da suka hana unguwanni barci. Amma a yi mana adalci: wane ɗan sara-suka ne ke zama yana goge kube, yana tambayar sunan maƙerin da ya ƙera wuƙarsa? Abin da ke hannunsa adda ce mai araha, wadda zai jefar a kwata in ya hango 'yan sanda. Mai tara wuƙaƙe kuwa ko tumatir ba ya yarda a yanka da abin da ya adana. Haɗa su a ma'auni ɗaya lalacin tunani ne.

Abin takaici shi ne a Jos ake wannan. Garin nan ne Bernard Fagg ya kafa Gidan Tarihi a 1952, bayan haƙar kuza ta tono sassaƙen yumɓu na Nok. Shi ne kuma ya haƙo matoyar tama a Taruga, wadda ta nuna cewa an fi shekara 2,000 ana narka ƙarfe a wannan yanki. Muna kai ɗalibai su kalli kayan tarihi a bayan gilashi su yi ta mamaki, sa'an nan mu dawo gida mu ce wa wanda ya ajiye ƙirar kakansa mai shirin fitina.

Mu Hausawa ma da wane baki za mu ƙyamaci wuƙa? Labarin kafuwarmu da ita ya fara. An ce Bayajida ya biya ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙar da ya sare kan macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. A Katsina, takobin nan Gajere da ake dangantawa da Muhammadu Korau yana cikin kayan sarauta. Mahauci da wanzami da baduku da ɗan tauri, kowa da irin tasa, kowace da sunanta da fasalinta da yadda ake wasa ta. In ƙarfen ya tafi, sunan ma bin sa yake yi. A tambayi ɗalibin ajin ƙarshe a sashenmu bambancin barho da aska, ko mece ce masaba da awartaki, a ji abin kunya. Maƙeran yau galibi da sifirin mota suke aiki, ba da tama ba. Saboda haka tsohuwar wuƙar da aka narkar ba ta da madadi.

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan tsoro ba su narka tarihinsu ba. A Japan, bayan yaƙin duniya na biyu an ƙwace takubba masu yawa, daga baya aka tsara cewa mai takobin gargajiya ya yi masa rajista a hukumar ilimi ta lardinsa, a matsayin aikin fasaha. Takardar na tare da takobin, in an sayar da shi a sanar da hukuma.

Mu ma abin da muke nema ke nan. Sarakunan maƙera da Gidan Tarihi da Jami'ar Jos su haɗa kai su buɗe littafin rajista: hoton wuƙa, inda aka ƙera ta, sunan mai ita. Mai saye da sayarwa ya riƙa rubuta wanda ya ba shi da wanda ya karɓa. Su kuma masu wannan sha'awa, ba mu ɗauke musu nasu laifin ba: wanda ya soke barho a ƙugu ya shiga kasuwar Katako don a gani, ya fita daga cikin waɗanda muke karewa. Ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri kuwa, su riga 'yan gwangwan isa gidajen dattawan da suka rage, da littafin rubutu da abin ɗaukar hoto a hannu.