Tutar bayan Spinosaurus ta ado ce, ba ta iyo ba

Dainoso mai suna Spinosaurus ya rayu a arewacin Afirka kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce. A gadon bayansa akwai ƙasusuwa a tsaye, wasu sun kai mita 1.65, waɗanda ake kyautata zaton fata ta lulluɓe su kamar tuta. Tun 1915 da Bajamushe Ernst Stromer ya yi bayanin ƙasusuwan da aka tono a Masar ake gardama kan amfaninta.

Wasu sun ce tozo ne na ajiye kitse, irin wanda kowane makiyayi a Durun ko Gwarzo ya sani a wuyan sa. Wasu sun ce da ita yake sanyaya jiki. Da aka fara ɗaukarsa a matsayin mai farautar kifi cikin ruwa, sai wasu suka ce tutar tana taimaka masa wajen iyo.

A ganina wannan na ƙarshe ba shi da ƙarfi, kuma kwamfuta ce ta raunana shi. A 2018 Donald Henderson a Kanada ya gina siffar dabbar a manhaja ya jefa ta ruwa, sai ta riƙa kifewa gefe. A 2022 Paul Sereno na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙasusuwan da na'urar CT, suka harhaɗa jikin, suka ga ba ya iya nutso kuma ba shi da sauri a ruwa. Kwale-kwalen da aka jibga wa kaya a sama ai kifewa yake yi.

Hujja ta biyu tana maƙwabtanmu. A Gadoufaoua cikin hamadar Tenere ta Nijar aka tono Ouranosaurus, wanda Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976. Ganye yake ci, a tudu yake yawo, amma shi ma yana da tuta. Ke nan ba ruwa ne ya kawo ta ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne tana aikin zankon zakara: jan hankalin mace da razana abokin hamayya tun daga nesa.

Masu ra'ayin iyo, irin su Nizar Ibrahim, suna kafa hujja da faffaɗan jelarsa, kuma ba su sallama ba. Amma yanzu da siffofin 3D ake wannan muhawara, kuma manhaja irin Blender kyauta ce. Ƙasusuwan Ouranosaurus suna gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Ɗalibanmu na kwamfuta su shiga a dama da su.